"Tallafin Mai Ya Tafi": Nazarin Tafiyar Saƙo Ɗaya Daga Dandalin Eagle Square Zuwa Teburin Mai Shayi

A ranar Litinin, 29 ga Mayun 2023, Bola Ahmed Tinubu ya sha rantsuwar kama aiki a Dandalin Eagle Square da ke tsakiyar Abuja, kuma yana cikin jawabinsa na farko a matsayin shugaban ƙasa ya saki takardar da aka shirya masa, ya furta wata 'yar gajeriyar jimla da Turanci wadda kafafen Hausa suka juya da cewa "tallafin mai ya tafi". Kafin manyan baƙi su gama watsewa, gidajen mai da dama a cikin birnin sun ja ƙofa sun rufe, waɗanda suka bar tasu a buɗe kuma layin motoci ya yi musu zobe. Wannan nazari ya bi sawun wannan jimla ne tsawon wata goma sha biyar ko fiye, domin a ga yadda gwamnati ta riƙa gyara ta, tana sauya mata tufafi gwargwadon wanda take yi wa magana, da kuma abin da ya faru da ita da ta shiga kunnen mai sauraron Hausa a unguwannin da ke kewaye da birnin tarayya.

Abin da ya gabaci ranar

Maganar janye tallafi ba sabuwa ba ce a siyasar Najeriya. A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga da yajin aiki suka tsayar da ƙasar, har sai da aka dawo da farashin naira 97. Tinubu yana cikin jagororin adawa da suka soki matakin a wancan lokaci, kuma a rubuce ya yi sukar. A Mayun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai lita naira 145, daga baya tallafin ya dawo ta bayan gida, a ƙarƙashin wani suna na 'yan lissafi da ke nufin giɓin da kamfanin mai na ƙasa bai iya mayarwa ba. Dokar masana'antar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta tanadi barin kasuwa ta yi farashi, kasafin 2023 kuma ya ware wa tallafin sama da naira tiriliyan 3 ne zuwa ƙarshen Yuni kawai.

Saboda haka manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023, wato Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alƙawarin janye tallafin. Abin lura shi ne inda aka fi jin alƙawarin. A zauren 'yan kasuwa da masu zuba jari, da cikin kundin manufofi da aka buga da Turanci, da hirarrakin talabijin, an faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A wani taro da 'yan kasuwa a Legas cikin Disamban 2022 Tinubu ya ce zai janye shi komai tsawon zanga-zangar da za a yi. A filayen gangami na Arewa kuwa, inda ganga da waƙa ke rinjayar jawabi, abin da ya cika kunne shi ne amana da sakayya, da noma, da tsaro, da addinin ɗan takara da na mataimakinsa. Ba a ɓoye maganar mai ba, an dai ajiye ta a ɗakin da talaka ba ya shiga. Kuma wannan talakan shi ne ƙashin bayan nasarar: cikin ƙuri'u 8,794,726 da hukumar zaɓe ta ce Tinubu ya samu, fiye da rabi daga Arewa suka fito, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ta ba shi fiye da kowace shiyya, har da tasa.

Jimlar da ba ta cikin takarda

Rubutaccen jawabin da aka raba wa manema labarai ya bi da maganar a hankali. Ya yaba wa gwamnati mai barin gado kan shawarar kawo ƙarshen tallafin, ya ce masu kuɗi sun fi talakawa cin moriyarsa, sannan ya yi alƙawarin karkatar da kuɗin zuwa ayyukan raya ƙasa da ilimi da lafiya da samar da aikin yi. Wanda ya tsara wannan sakin layi ya san aikinsa, domin ya ɗora nauyin shawarar a kan waɗanda suka tafi, ya nuna wa talaka wani abokin gaba, ya kuma rataya masa lada a gaba, duk ba tare da ya faɗi rana ba. Jimlar da shugaban ya ƙara da bakinsa ta rushe wannan tsari, domin ta mayar da abin da za a yi ya zama abin da aka riga aka yi.

A lokacin ina aikin fassarar labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Abuja, kuma na shaida gardamar da ta tashi a kan teburinmu kafin labaran yamma. Wani matashin abokin aiki ya tsaya a gaban babban editanmu, dattijo mai furfura da ya daɗe a aikin, da takarda a hannu. Ya ce masa, "Yallaɓai, in muka ce an cire, mun riga gwamnati yanke hukunci, in kuma muka ce za a cire, mun saka masa abin da bai faɗa ba." Dattijon ya sauke tabarau ya dube shi, ya ce, "Ɗana, rubuta yadda ya faɗa, ka ce ya tafi. Mai gidan mai zai ƙarasa mana fassarar." Haka kuwa aka yi.

Washegari ofishin yaɗa labaran Tinubu ya fitar da sanarwa cewa furucin ba sabon mataki ba ne, bayanin halin da aka tarar ne kawai, tunda kasafin da aka gada ya tsaya a ƙarshen Yuni, don haka babu dalilin rububin sayen mai. A ranar kuma shugaban kamfanin mai na ƙasa (NNPC) na lokacin, Mele Kyari, ya shaida wa manema labarai a fadar shugaban ƙasa cewa kamfanin yana bin gwamnati bashin naira tiriliyan 2.8 na tallafi. Ranar 31 ga Mayu kamfanin ya sauya farashi a gidajen mansa, lita a Abuja ta tashi daga naira 195 zuwa 537. Sanarwar kwantar da hankali ba ta yi kwana biyu a raye ba. Magana zarar bunu ce, kuma wannan ta riga ta fita.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyar da mai nazari. Maimakon a ci gaba da ja da baya, sai aka rungumi jimlar aka mayar da ita alamar jarumta. Cikin watan Yuni, da yake ganawa da 'yan Najeriya mazauna Faransa a birnin Paris, Tinubu ya faɗa da bakinsa cewa jimlar ba ta cikin jawabin da aka rubuta masa, ƙarfin hali ne ya zo masa da ya hau mumbari. Wannan labari an ɗinka shi ne daidai jikin masu zuba jari da cibiyoyin kuɗi na duniya da marubutan sharhi, waɗanda suka daɗe suna neman shugaban da zai yi abin da magabatansa suka kasa, kuma ya karɓu a wurinsu, musamman da aka haɗa shi da sakin naira ga kasuwa a tsakiyar watan. A gida kuwa harshen ya zama na lallashi. A jawabin 12 ga Yuni shugaban ya ce yana jin raɗaɗin da jama'a ke ji, a watan Yuli kuma ya kwatanta halin da naƙuda, wadda ba a samun haihuwa sai da ita. Mutum ɗaya, mataki ɗaya, amma a waje ana tallar ƙarfin zuciyar wanda ya yanka, a gida ana roƙon haƙurin wanda aka yanka.

Kalmar da ta yi wa gwamnati tawaye

A nan ne, a ganina, saƙon ya gamu da cikas da masu tsara shi ba su hango ba, domin da Turanci suka yi tunaninsa. Kalmar da Turanci ke amfani da ita, wato "subsidy", ta 'yan tattalin arziki ce, ba ta da ɗumi, kuma tun binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2012 ta riga ta yi ƙaurin suna, ana jin ta sai a tuna da jiragen mai na bogi da 'yan kasuwar da aka biya kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Wanda ya ce ya kashe ta a Turanci, yana iya zama kamar wanda ya kashe ɓarawo. A Hausa kuwa kalmar da ta zauna a bakin kafafen labarai ita ce "tallafi". Tallafi shi ne abin da ake yi wa maraya da gajiyayye da wanda gobara ta cinye wa shago. Asalinsa tallafar abin da ke shirin faɗuwa ne, a sa hannu a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya ce ya cire tallafi, a kunnen Bahaushe ya ce ya janye hannunsa ne daga ƙarƙashin mai faɗuwa, kuma babu adadin bayanin da zai wanke wannan hoto cikin minti biyu na hirar rediyo.

Masu magana da yawun gwamnati da ke fitowa a BBC Hausa da sauran tashoshin waje, da gidajen rediyon FM, da shafukan jaridar Aminiya, sun gane haka, shi ya sa kusan kullum suke farawa da warware kalmar kafin su kare matakin. Sukan ce ai ba talaka ake tallafa wa ba, wasu 'yan tsiraru ne ke kwashe kuɗin, man kuma ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Nijar da Kamaru da Benin. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin farashin mai a maƙwabta ya yi tsalle bayan janyewar. Amma mai sauraro yakan mayar da tambayar da ba a shirya mata ba, wato in ɓarayi ne ke cin kuɗin, me ya hana a kama su, sai a hukunta wanda aka yi wa satar? Ban ji an ba da amsar da ta zauna ba, kuma rashin gurfanar da wasu fitattun mutane a gaban kotu a watannin farko ya bar labarin ɓarayin ba shi da fuska.

Sai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko ban mamaki. Da gwamnati ta fara fito da matakan sassauci, kalmar da Hausa ta ba su ita ce dai "tallafi", wato tallafin rage raɗaɗi. Turanci yana da kalmomi biyu mabambanta, ɗaya ga abin da aka cire, ɗaya ga abin da aka kawo, don haka mai karatun Turanci ba lallai ne ya ɗora su a sikeli ɗaya ba. Hausa ta ɗora su da kanta, ba tare da wani ɗan adawa ya buɗe baki ba.

Na ji wannan awo da kunnena wata safiya a tsakiyar Agustan 2023, a teburin wani mai shayi a Nyanya, daf da inda ma'aikata ke tsayuwar jiran motar shiga gari. Rediyo na rataye a jikin ƙusa ana karanta labarin rabon shinkafa ga jihohi. Wani magidanci mai aikin gadi a Wuse, wanda ya ce tun da kuɗin mota ya ninka ya koma kwana a wurin aiki sai ƙarshen mako yake leƙa iyalinsa, ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, an ce an cire tallafi, yanzu kuma an ce an kawo tallafi, to wanne ne na ƙwarai?" Mai shayin bai daina fifita wuta ba ya ce masa, "Alhaji, wanda aka cire kowa ya gan shi a famfon mai, wanda aka kawo kuwa sai mai uwa a gindin murhu." Aka yi dariya, wadda ba ta jin daɗi ba ce, kowa ya biya ya nufi titi.

Naira dubu takwas

A tsakiyar Yulin 2023 gwamnati ta bayyana shirin ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 kowane wata har wata shida. A kanun labarai, miliyan 12 adadi ne mai cika ido, kuma shi aka so a gani. Jama'a kuwa ɗaya adadin suka kama. Naira 8,000 ba ta sayen lita 15 a farashin Abuja na lokacin, in aka raba ta kwana talatin kuma ba ta kai naira 270 a rana ga gida guda ba. Abin ya ƙara muni da aka ji cewa a cikin gyaran kasafin da ya samar da naira biliyan 500 na sassauci, an ware wa Majalisar Tarayya naira biliyan 70. Masu barkwanci a Facebook da TikTok ba su buƙaci ƙarin bayani ba, jera lambobin biyu kawai suka yi. Ranar 18 ga Yuli fadar shugaban ƙasa ta ce an ba da umarnin sake duba shirin, kuma a wannan rana ce lita ta koma naira 617 a Abuja.

Daga nan aka sauya salo zuwa manyan lambobi da ba su rabuwa cikin sauƙi. A jawabin 31 ga Yuli shugaban ya ce an tara sama da naira tiriliyan 1 cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Ranar 17 ga Agusta Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, a ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima, ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha da Abuja, da tirela biyar-biyar na shinkafa. Hikimar wannan sanarwa ba a cikin shinkafar take ba. Tun daga ranar, tambayar "ina tallafin?" ta sami sabon adireshi, wato gidan gwamna, kuma da kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru, "ku tambayi gwamnoninku" ta zama amsar da jami'an tarayya suka fi yawan bayarwa. Dattawa a Arewa sukan kwatanta wannan da zamanin asusun rarar man fetur na PTF, wanda gwamnatin Sani Abacha ta kafa bayan ƙarin farashin 1994, Buhari ya shugabance shi, inda mutum ke ganin allon asusun a bakin titi da tambarinsa a jikin kwalin magani. Duk abin da za a ce game da wancan asusu, ya bar wa ido abin gani, wannan karon kuwa an bar wa kunne lissafi.

Tallafin da ba a kiran sunansa

A tsakiyar Agustan 2023 kakakin shugaban ƙasa na lokacin, Ajuri Ngelale, ya sanar cewa ba za a ƙara farashin mai ba. Farashin a gidajen man NNPC ya tsaya kusan wuri ɗaya har shekara guda, alhali a cikin wannan lokaci darajar naira ta faɗi daga ƙasa da 800 zuwa kusan 1,500 a kan dala, man kuma a lokacin daga waje ake sayo shi da dala. Duk mai lissafi ya san akwai wanda ke cike giɓin, kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya faɗi haka a farkon 2024. Jami'an gwamnati suka yi ta musantawa. Dalilin a fili yake, domin jimlar Eagle Square ta riga ta zama tambarin mulkin, amincewa da dawowar tallafi kuma daidai yake da goge tambarin a gaban waɗanda aka fi so su gan shi. Da kamfanin NNPC ya zo yin bayani a Agustan 2024, sai ya ce ba tallafi yake biya ba, giɓi ne tsakanin kuɗin sayowa da na sayarwa yake ɗauka. Mu masu fassara mun sha wuya da wannan bayani, domin duk yadda muka juya shi a Hausa, ma'anar tallafi yake bayarwa.

Sakamakon ya zama baƙon abu a siyasa. A wannan lokaci gwamnati tana kashe maƙudan kuɗi tana danne farashi, amma ba ta iya zuwa gaban talakan Nyanya ta ce ga abin da nake yi maka, saboda ta riga ta gaya wa wasu masu sauraro cewa ta daina. Ta biya kuɗin, ba ta ci ladan ba.

Agustan 2024

Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, kiran zanga-zangar kwana goma daga 1 ga Agusta ya bazu a intanet. A nan aka ga gwamnati ta koma ga hanyoyin isar da saƙo da ta san suna aiki a Arewa. A makon ƙarshe na Yuli an gayyaci sarakuna da malaman addini zuwa fadar shugaban ƙasa, huɗubobi da dama suka karkata ga haɗarin fitina, aka riƙa kawo misalin Sudan da Libiya. Ranar 29 ga Yuli shugaban ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris kuma ya yi maganar tirela ashirin-ashirin na shinkafa ga jihohi da sayar da buhu a kan naira 40,000. An bar maganar jarumta da naƙuda, aka koma maganar zaman lafiya, aka kuma miƙa ta ga bakin da ake jin nauyinsa. Wannan ya jawo wa wasu malaman martani mai zafi daga matasa a shafukan sada zumunta, irin wanda a da ba a saba yi musu ba.

Masu shirya zanga-zangar da Turanci suka raɗa mata suna, na neman kawo ƙarshen mummunan mulki, amma a bakin Hausawa sunanta zanga-zangar yunwa ko ta tsadar rayuwa, kuma buƙatar da ta fi fitowa daga bakin matasan Arewa ita ce a dawo da tallafi. A Abuja kotu ta taƙaita taron ga filin wasa na Moshood Abiola, waɗanda suka nufi Eagle Square aka tarwatsa su da hayaƙi mai sa hawaye, hanyar Keffi kuma ta toshe a wajen Nyanya da Mararaba. A jawabinsa na 4 ga Agusta shugaban ya ce ya ji koken matasa, ya lissafa ayyukan gwamnatinsa, amma bai ja da baya kan tallafin ba. Ranar 3 ga Satumba lita ta koma naira 897 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Oktoba ta kai 1,030, kuma babu wani jawabi daga mumbari da ya riga waɗannan ƙarin. Ma'aikatan gidan mai ne suka sauya lambobin da ke jikin famfo, direbobi suka gani da safe. A zaman hira na musamman na farko da ya yi da 'yan jarida a matsayin shugaban ƙasa, ranar 23 ga Disamban 2024 a Legas, an tambayi shugaban game da janye tallafin, ya ce ba ya nadama ko kaɗan.